Yadda ake ƙera tsohon kan jirgin ƙasa na lantarki a Blender a saka shi cikin Open Rails

Ni a Sakkwato nike, garin da layin dogo bai taɓa isowa ba, iyakarsa Ƙauran Namoda inda ya tsaya tun 1929, shi ma na dizal ne ba na wuta ba. To amma duk da haka na fi shekara biyar ina ƙera tsofaffin kawunan jirgi na lantarki a kwamfuta ina tuƙa su, kuma yara da dama sun sha tambayata ta ina ake farawa. Ga yadda nike yi daki-daki. Misalin da zan ɗauka shi ne kan jirgin Suwizalan da ake wa laƙabi da Kada, wato kadan ruwa (Crocodile), sunansa na aiki Ce 6/8 II, guda 33 aka ƙera tsakanin 1919 da 1922 don jan kaya a hanyar dutsen Gotthard. Shi na fi sani don sau uku ina sake gina shi.

KAYAN AIKI

Laftof mai RAM 8GB ya isa, 4GB ma ana lallaɓawa. Maus mai ƙaramar taya a tsakiya dole ne, kar ka wahal da kanka da shafa yatsa, ba a aikin Blender haka.

Blender, manhajar da ake ƙera siffar jirgin a cikinta, kyauta ne. In injinka tsoho ne sabbin fitowa daga 4.0 zuwa sama suka ƙi buɗewa, sauke 3.6, yana karɓar tsofaffin katin hoto.

GIMP don fenti, shi ma kyauta.

Open Rails, nan jirgin zai yi gudu. Kyauta ne kuma yana karanta fayilolin tsohon Microsoft Train Simulator na 2001, shi ya sa za ka ji ana ta cewa MSTS. Sai ka samu hanya guda mai wayar wuta a sama wadda za ka yi gwaji kanta.

Ƙarin manhajar da ake liƙa wa Blender don ya fitar da fayil .s, wato fayil ɗin siffar jirgi da wasan ke karantawa, wadda Wayne Campbell ya rubuta. Ka duba wadda ta dace da lambar Blender ɗinka.

Notepad++ don rubuta fayil .eng mai ɗauke da bayanan kan jirgi, da TSRE5 don haɗa jerin jirgi.

Sai littafi da biro da kalkuleta. Da gaske nike, rabin aikin lissafi ne.

Maganar zafi kuma, watan Afrilu nan garin laftof yana kashe kansa in ya ji wuta, don haka ka ɗaga shi bisa marafen kwalba huɗu iska ta riƙa shiga ta ƙasa, kar ka aza shi kan katifa ko darduma. Ni aikin nauyi sai bayan Isha ko da asuba nike yinsa. Lokacin hunturu kuma ƙura ke toshe fanka, a kai a hure shi.

MATAKI NA 1: Zaɓi jirgi ɗaya, lamba ɗaya, shekara ɗaya

Nan mafi yawan masu farawa ke ɓata aiki tun ba su taɓa maus ba. Tsohon jirgi ba kama ɗaya ya rayu da ita ba. Kada da farko ruwan ƙasa aka shafa masa, daga baya aka mai da su kore. Tsakanin 1942 da 1947 an sake wa guda 13 injina, gudunsu ya tashi daga kilomita 65 a awa zuwa 75, aka canza masu suna zuwa Be 6/8 II har da lamba. Kuma akwai ƙanensa Ce 6/8 III na 1926 da 1927 wanda ya fi shi tsawo kuma sandunan ƙafarsa daban suke. In ka kwaso hotuna barkatai ka haɗa, za ka fito da jirgin da bai taɓa wanzuwa a duniya ba. Ni mai lamba 14253 na zaɓa don har yanzu yana nan da rai da fentinsa ruwan ƙasa, hotunansa sun yi yawa ta kowane gefe.

Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba: ka fara da ƙarami. E 69 na Jamus, wanda ya yi aiki tsakanin Murnau da Oberammergau, gatari biyu kawai gare shi, hannun wuta (ƙarfen rufi mai taɓa waya) ɗaya, babu sandunan ƙafa. Sati biyu ka gama ka gan shi yana tafiya, zuciyarka ta yi sanyi, sannan ka tunkari Kada. GG1 na Amurka kuwa ka bar shi sai hannunka ya faɗa, jikinsa duk lanƙwasa ne.

MATAKI NA 2: Tara awo kafin hoto

Ka nemi zanen gefe, na gaba da na sama. Wikimedia Commons na da tsofaffin hotuna masu yawa da aka yarda a yi amfani da su. Rubuta waɗannan a littafinka, ga na Kada:

Tsawo daga bakin bafa zuwa bakin bafa: mita 19.46. Bafa su ne faya-fayan ƙarfen nan biyu da ke gaba da baya masu tare karo.
Faɗin manyan ƙafafu: milimita 1350. Ƙananan na gaba da baya: 950.
Tsakanin ƙarfen dogo biyu: milimita 1435. Namu tsohon layi na Najeriya 1067 ne, kar ka ruɗe.
Bafa a Turai: tsakaninsu milimita 1750, tsayinsu daga dogo kamar 1050.
Nauyi tan 128. Wuta bolt 15,000.

Kuskuren da na yi karon farko, na ɗauki 19.46 na aza a jikin jirgin kawai ban lissafa da bafa ba, sai ya fito ya fi girmansa da kusan mita ɗaya, da na haɗa shi da tarago sai hancinsa ya nutse cikin taragon. Aikin wata guda na rushe.

In ba ka samu zane ba: nemi hoton da aka ɗauka daga nesa daidai gefe, ka yi amfani da ƙafa a matsayin ma'auni. Ka san faɗinta 1350, to ƙirga ɗigon hoto nawa ta ci a GIMP, ka raba, duk sauran awo ya fito. Hoton da aka ɗauka a karkace kuma akwai fSpy, kyauta, yana daidaita kyamara da hoton. Zanen ƙananan jiragen wasa na H0 ma yana aiki, ninka kowane awo sau 87.

MATAKI NA 3: Shirya filin Blender

Ka bar ma'auni a mita, ɗaya a Blender mita ɗaya ce a wasan. Gaban jirgi ya kalli +Y, sama Z. Tsakiyar duniya, wato 0,0,0, ita ce saman ƙarfen dogo daidai tsakiyar jirgin. Kafin komai ka gina akwati mai tsawon 19.46 da sanduna biyu a matsayin dogo, sannan Add, Image, Reference ka shigo da zanen ka ja shi har bafa su taɓa bakin akwatin, ƙafafu su zauna kan dogo. Kar ka yarda da zane ido rufe, wanda aka ɗauka daga littafi yakan miƙe ta gefe ɗaya, ka auna ƙafa a tsaye da a kwance, in ba daidai ba gyara hoton. Lambar da ka rubuta a littafi ta fi zane gaskiya.

In laftof ɗinka ba shi da lambobin gefe, shiga Preferences, Input, kunna Emulate Numpad, sai 1 da 3 da 7 su riƙa juya maka gani.

Ctrl+S kuma ya zama kamar numfashi, kowace rana sabon suna, kada01, kada02. Ranar da aka ɗauke wuta batirina ya mutu ina tsakiyar rufin, File, Recover, Auto Save ne ya maido man da rabin aikin.

MATAKI NA 4: Fara daga ƙasa

Ƙafafu tukuna. Silinda mai gefe 32 ya isa ga manya, 24 ga ƙanana. Tsakanin bayan ƙafar hagu da bayan ta dama milimita 1360. Ƙafa biyu da gatarinsu abu ɗaya ne, ka haɗe su. Gina guda ɗaya da kyau, da haƙarƙarinta da ƙarfen nauyin da ke gefe, sai ka kwafa. Tsarin Kada: ƙaramar ƙafa ɗaya, manya uku, sai manya uku, ƙarama ɗaya.

Daga nan gangar jiki, a dunƙule. Kada gida uku ne: dogon hanci gaba, dogon hanci baya, kowane da injin wuta biyu a ciki, sai ɗakin tsakiya da ya hau bisansu mai ɗauke da taransifoma da wurin direba biyu. An yi shi haka don ya iya lanƙwasa a kwanar dutse. Kowane gida ka gina shi daban. Akwatuna kawai tukuna, babu taga babu ƙofa, ka juya shi ta ko'ina ka gwada da hoto. In siffar ba ta yi kama ba a nan, ado ba zai cece ta ba. Yi amfani da Mirror ka gina rabi, amma ka lura ba komai ne ke daidai hagu da dama ba, ka duba hotunan gefe biyun.

Game da yawan alwatika, wato ƙananan fuskokin da ke haɗuwa su zama siffar, ni ina tsayawa tsakanin dubu 50 da dubu 80 ga dukkan kan jirgin. Ƙusoshi da ramukan iska fenti ne zai nuna su, kar ka gina su ɗaya-ɗaya. Abin da ke fitowa a inuwar jirgi, kamar matakala da ƙarfen riƙo da fitilu, shi ake ginawa.

MATAKI NA 5: Rufi da hannun wuta

Wanga shi ne zuciyar aikin. Jirgin lantarki a rufinsa ake gane shi, kuma mai wasa daga sama ya fi kallonsa. Hannun wuta, wato fantogiraf, shi ke miƙewa ya taɓa waya. Na tsofaffin jirage mai siffar lu'u-lu'u ne: hannuwa biyu na ƙasa, biyu na sama, sai kan da ke gogar waya. Kada biyu gare shi bisa ɗakin tsakiya.

Kowane hannu abu ne mai zaman kansa, kuma cibiyarsa dole ta zauna daidai inda yake juyawa. Yadda ake yi: shiga Edit Mode, zaɓi zoben mahaɗar, Shift+S, Cursor to Selected, fito, Object, Set Origin, Origin to 3D Cursor. In cibiya ta kauce ko da santimita biyu ne, hannun zai riƙa ficewa daga mahaɗarsa duk sanda ya tashi. Sannan Ctrl+P: hannun sama ɗan hannun ƙasa ne, na ƙasa ɗan jiki, kan gogar waya ɗan ɗaya daga hannuwan sama.

Suna kuma ba yadda ka ga dama ba, da suna wasan ke gane abu. PANTOGRAPHBOTTOM1A da PANTOGRAPHBOTTOM1B na ƙasa, PANTOGRAPHMIDDLE1A da 1B na tsakiya, wato hannuwan sama, PANTOGRAPHTOP1A na kai. Na biyu ka canza 1 zuwa 2. In haruffan farkon sunan suka kuskure, Open Rails zai ɗauka kayan ƙafa ne, sai ka ga hannun wuta yana sama yana ƙasa duk sanda jirgi ya motsa. Na ga wannan da idona, kwana biyu ina nema ashe kuskuren suna ne.

Motsi: firem, wato matakin motsi, na 0 a kwance, firem na ƙarshe a miƙe. Juyi da matsawa kawai ke fita, girma ba ya fita. In biyu kawai ka saka, farko da ƙarshe, a tsakiyar tafiya kan zai karkace hannuwan su rabu, don haka ka saka na tsakiya kamar shida ko takwas kana gyara kowane da hannu har su haɗu. In ka yi amfani da IK, wato dabarar da ke sa hannuwa su bi kan da kansu, ko wasu ɗauri don sauƙi, sai ka gasa su su koma firem na gaskiya ta Bake Action kafin fitarwa.

Tsayin da zai kai fa? A zahiri wayar Turai kamar mita 5.5 take daga dogo, amma wasu tsofaffin hanyoyin MSTS sun ɗaga ta sama da mita 7. Buɗe fayil .trk na hanyarka ka duba OverheadWireHeight, ka ja layi a Blender a wannan tsayin ka sa kan ya taɓa shi. Babu abin da ke ɓata hoto kamar jirgi na gudu hannunsa na lilo ƙasa da waya.

Kar ka manta kwalaben tangaran da hannun ke zaune kansu, da sandar jan ƙarfe mai haɗa hannuwan biyu, da allunan takawa. Gefe 8 zuwa 10 ya ishi kowace kwalba.

MATAKI NA 6: Sanduna da lanƙwasa

Injin Kada ba ya juya ƙafa kai tsaye, yana juya wani gatari marar ƙafa ne, shi kuma ya tura sanduna kamar jirgin kwal. Abu biyu ka riƙe. Na ɗaya, maƙalar sandar hagu da ta dama digiri 90 ke tsakaninsu, don haka Mirror ba ya aiki a nan, gefe biyun daban za ka yi. Na biyu, ƙafafun da ke da sanda kai za ka juya su da firem, ka raba zagaye kashi takwas, digiri 45 kowane, ka mai da motsin Linear don kar ya riƙa jinkiri a farko da ƙarshe. Sandar da ke haɗa ƙafafu ba ta juyawa, tana zagaye ne a kwance. Ƙananan ƙafafu marasa sanda ka ba su suna irin WHEELS11, wasan da kansa zai juya su.

Lanƙwasa hanya biyu ce. Ko ka sa wa hancin gaba suna BOGIE1 na baya BOGIE2 da cibiyarsu a inda suka haɗu da ɗakin tsakiya, ko ka fitar da gida ukun a matsayin motoci uku ka ɗaure su da mahaɗa mai tauri. Ni ta biyun nike bi, ta fi fayiloli yawa amma in wani abu ya karkace nan take ka san wane gida ne.

MATAKI NA 7: Shimfiɗa fata da fenti

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin majema ya ga yadda ake feɗe jar akuya a tsaga ta ciki a shimfiɗe fatar, to ya gane UV, wato shimfiɗa jikin jirgi a kan hoto don a yi masa fenti. Ka zaɓi inda za ka tsaga, wurin da ido ba ya kaiwa kamar ƙasan jiki da lungun kusurwa, Mark Seam, sai U, Unwrap. Kafin nan Ctrl+A, Scale a kan kowane abu, in ba haka ba fatar za ta fito a miƙe. Gefen jiki da fuska su ci babban wuri, ƙasan jirgi ɗan kaɗan.

Export UV Layout, buɗe a GIMP. Girman hoto ya zama 1024 ko 2048, ba 1000 ba. Ni 2048 biyu nike yi, ɗaya jiki ɗaya ƙafafu da rufi. Kowane abu shimfiɗarsa daban: launi, layukan ƙarfe, ƙusoshi, lamba, dauɗa. Gasa Ambient Occlusion a Cycles ka aza shi bisa launi da Multiply, shi ke sa lungu ya yi duhu jirgi ya yi nauyi a ido. In injinka ba zai iya ba, buroshi baƙi mai laushi ka bi lunguna da hannu.

Dauɗar jirgin lantarki daban take da ta dizal, babu baƙin hayaƙi. Garin da waya da kan hannu ke zubarwa ne ke sauka a rufi ya yi duhu, ruwan sama ya jawo shi ƙasa layi-layi, sai mai a sanduna da jar ƙurar birki a ƙafafu. Kuma kar ka shafa masa jar ƙurarmu ta hunturu, wannan jirgin dusar ƙanƙara ya sani.

GIMP yana fitar da hoto a tsarin DDS kai tsaye kuma Open Rails na karantawa, ba sai ka nemi mai juya hoto zuwa .ace, tsarin hoton MSTS, ba.

MATAKI NA 8: Fitarwa da fayil .eng

Kunna Face Orientation, duk inda ka ga ja fuskar a juye take kuma a wasa rami za ta zama, zaɓi duka ka danna Shift+N. Zuba komai cikin tarin MAIN yadda takardar manhajar fitarwa ta nuna, ka yi kwafi marar ado don gani daga nesa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na alwatikan.

Buɗe folda cikin TRAINS, TRAINSET, ka zuba .s da hotunan. Kar ka rubuta .eng daga farko, kwafi na wani jirgin lantarki mai aiki ka gyara: WagonShape sunan fayil ɗinka, Size faɗi da tsayi da tsawo, Mass, WheelRadius 0.675m don rabin faɗi ake so ba duka ba, MaxPower 1650kW, MaxVelocity, Type ya zama Electric. Ka bar layin SIMISA na sama yadda yake, ka ƙirga baka-biyu, kowace buɗewa da rufewarta. Ɗakin direba da sauti ka ara na wancan jirgin tukuna, amma in za ka raba wa mutane sai ka nemi izinin mai su.

In kwamfutarka ba ta ɗaukar Open Rails, akwai OpenBVE, ya fi sauƙi kuma ana iya rubuta siffar jirgi a fayil CSV. Masu wasan Trainz kuma fayil FBX suke fitarwa da maƙalai irin a.bog0 da a.limfront. Matakai na 1 zuwa 7 kusan duk ɗaya ne.

MATAKI NA 9: Gwaji

Haɗa jeri a TSRE5, kan jirginka da tarago uku. Shiga wasa, danna 2 ka fita waje, P ka ɗaga hannun wuta, Shift+P na biyun, W gaba, saki birki, D a hankali. Ka tafi kamar kilomita 5 a awa ka sunkuyar da kyamara daidai ƙafa: shin tana zaune kan dogo ko ta nutse, tana juyawa gaba ko baya, sanduna na nan a maƙale? Sannan ka nemi kwana mafi tsanani a hanyar ka tsaya cikinta ka duba ko hanci ya shige ɗakin tsakiya.

In jirgi ya fito fari fat ko toka-toka, sunan hoto ne bai dace ba. In bai bayyana a jeri ba, baka-biyu ce ta ɓace a .eng. In ya ƙi motsi, duba ko hanyar na da wuta kuma hannun ya tashi. Fayil OpenRailsLog.txt da ke fitowa a fuskar kwamfuta yakan faɗi layin da matsalar take, shi za ka fara buɗewa kafin ka koma Blender. Duk gyaran da ka yi, abu ɗaya ka canza ka sake gwadawa, ka rubuta a littafinka mi ka taɓa.